Rabin Incin da Aka Ƙara Don Inna

Akwai wata safiyar damina a Rigasa da na san ko tsufa ya kwashe mini komai a kai, ita ba zai iya kwashe ta ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna ta sai in rasa wanne zan fara, dariya ko kuka. Abin mamaki kuma duk rabin inci na ƙarfe ne ya jawo ta.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko yara suka zubar masa da shayi a kan takardun ofis sai dai ya ce Allah ya shirye ku. Abu biyu ne kawai ba a wasa da shi a kansu, mahaifiyarsa da duk muke kira Inna, da motarsa. Motar a-kori-kura ce fara mai ƙofa huɗu, ta hannu ya saya saboda 'yar gonar da yake nomawa a Rigachikun. Duk Asabar da kansa yake wanke ta, har da tsohon buroshin haƙori yake bin lungunan tayoyi. Ni kuwa ina zaune a baranda ina tsince shinkafa ina yi masa tsiya, yana yi kamar bai ji ba.

Mu muna Unguwar Dosa, Inna kuma tana can cikin Rigasa, a gidan da ta haifi 'ya'yanta duka. Babu irin lallashin da ba a yi mata ba ta dawo wurinmu, ta ce ita ba za ta bar maƙwabtanta da kajinta ba. Matsalar ita ce layin gidan. Daga bakin kwalta zuwa ƙofarta tafiya ce mai ɗan tsawo, kuma a tsakiya akwai wani kwari da ruwan sama ya zaizaye, kowace damina sai ya ƙara zurfi. In maigidana ya gwada tsallaka shi, sai ka ji ƙasan gaban motar ya gurji ƙasa, shi kuma ya runtse ido kamar shi aka gurza. Dole ya riƙa ajiye motar a bakin titi, Inna ta tako da ƙafa.

A shekarar da nake ba da labarinta ne Allah ya ba Inna kujerar Makka, abin da ta yi shekaru tana roƙo a kowace salla. Sai zirga-zirga ta yi yawa, yau bita, gobe allura, jibi ɗaukar hoto. Ga gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Kafin ta iso bakin titi sai ta tsaya hutawa a dakalin mutane, tana haki tana cewa ba komai. Wannan ne ya hana maigidana sukuni.

Ga wanda bai sani ba, irin waɗannan motoci haka ake ƙera su, gaba a ƙasa, baya a sama, don in an yi musu lodi bayansu ya zauna su daidaita. Maigidana ya shiga kallon bidiyoyi a waya, har ya gano cewa ana iya ɗaga gaban ya yi daidai da bayan. Wani zobe ne na ƙarfe mai kauri ake ɗorawa a saman shokazoba, wato abin da ke rage wa mota jijjiga, ɗaya dama ɗaya hagu. Wata rana ina tsaka da tuƙa tuwo ya shigo kicin ya kama ƙyauren ƙofa.

"Maman yara, dubi nan. In na tura ƙyauren nan kaɗan daga kusa da gindinsa, kin ga yadda bakinsa yake tafiya da nisa?"

Na ce na gani.

"To haka ƙafar mota take. Shokazoba a tsakiyar hannun ƙarfen da ke riƙe da taya ta ƙasa take zaune, taya kuma tana can ƙarshensa. In na sa zoben inci ɗaya, motar kusan inci biyu za ta tashi. Shi ke nan abin da nake so, in kai Inna har ƙofar gida."

Na ce, "Allah ya taimaka, Injiniya. Yanzu dai sakar mini ƙofata hayaƙi ya fita."

Gaskiya lissafinsa daidai yake, ban taɓa cewa ba daidai ba ne. Har bakanikensa mai gyaran ƙafar mota ya yarda da shi, ya ce inci ɗaya ba zai dami komai ba, in an gama a je a yi saitin tayoyi kawai. Sai maigidana ya kai aikin zoben wurin wani amininsa maƙeri a Fanteka, mai injin sassaƙa ƙarfe. Shi wannan bawan Allah daga Zamfara ya zo Kaduna tun yana saurayi, bai san kowa ba, ya kama ɗaki a layin su Inna. Shekaru ya yi yana cin tuwon gidanta, in ya yi zazzaɓi ita ke dama masa kunu. Har ya yi iyali ya yi furfura, in ya zo gaishe ta a ƙasa yake zama.

Ranar da za a karɓo aikin na bi maigidana, don ina son a ɗaure mini hannun wata tukunya. Muka tarar zobban nan biyu suna ƙyalli a kan benci, an goge su, an naɗe a tsumma mai tsabta. Maigidana ya ɗauka ya juya, na ga fuskarsa ta ɗan canja.

"Ai kamar sun fi inci ɗaya."

Maƙerin ya washe baki. "Awo, ɗaya da rabi ne, har da ɗan ɗoriya. Ka ce mani don Inna ne hwa. Yo ni in yi ma Inna aiki in auna mata cif-cif, kamar wata baƙuwa? Ko mai tumatur yana yin gyara, balle ni. Motar ta ƙara tashi, Inna ta wuce ramin nan ko jinsa ba ta yi ba."

Na kalli maigidana. Ya san ƙarin nan ya wuce lissafi, a gabana ya yi bayanin ƙyaure. Amma ta ina za ka fara ce wa mutumin da ya yi maka gyara don ƙaunar mahaifiyarka ya mayar da injin ya rage? A wurinmu gyara ba a mayar da shi, godiya ake yi. Sai kawai na ji ya ce, "Kai, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Ni ma na taya shi godiya, don ko ni ce abin da zan yi ke nan.

A gareji bakanike ya auna zobban ya ce, "Yallaɓai, wannan ya fi abin da muka yi magana." Maigidana ya ce ya sani, kyauta ce, a sa kawai. Suka yi shawara a tsakaninsu cewa za a sa ɗin, amma a aiko da wasu hannuwan sama daga Legas, irin waɗanda aka yi don motar da aka ɗaga. Kafin su iso zai riƙa lallaɓa ta.

Da motar ta dawo gida, kai, ta yi kyau. Gaban ya tashi fiye da inci uku, ta tsaya ƙiƙam a ƙofar gida, maƙwabta suna tambaya ko sabuwa ce. Ranar farko ta tsallaka kwarin nan ko gezau, maigidana ya tsaya a ƙofar Inna yana danna hon yana murmushi har kunne. Sai dai da Inna ta fito ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ƙafar ta ƙi kaiwa. Sai da aka ɗauko mata kujera 'yar tsuguno ta taka. Ta dube ni ta ce, "Ki tambayi mijinki, raƙumi ya sayo ne?" Daga ranar kujerar nan ta koma cikin mota da zama.

Sannu a hankali motar ta fara nuna ba ta ji daɗi ba. Mai saitin tayoyi ya yi iya yinsa, ya ce ƙusoshin saitin sun kai ƙarshe, tayoyin ba su miƙe sosai ba, samansu ya ɗan buɗe waje. Sitiyari ya daina dawowa da kansa bayan an sha kwana, sai an dawo da shi da hannu. In muka hau tudun rage gudu, a sauka sai ka ji ƙwas daga gaba. Bayan magariba kuma masu tahowa sai su yi ta haska mana fitila, don tamu ta koma dukan idon mutane. Wata safiya ya kira ni ya nuna mini baƙin maiƙo da ya fantsama a cikin tayar dama, robar shaf, wato sandar da ke juya tayar, ita ce ta yage saboda karkatar da ta yi yawa.

Abin da ya fi damunsa shi ne wata gaɓa da suke kira boljoyin, a ƙarshen hannun sama, wadda take riƙe da saman taya. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwasfa. Ya kama kafaɗata ya ɗan ja hannuna baya ya ce, "Kin ji inda ya tsaya? To ita yanzu kullum a nan take zaune, ko motar na tsaye. Babu sauran wurin da za ta motsa." Na ce to a cire zobban mana. Ya ce amininsa kullum sai ya leƙa ƙarƙashin motar ya shafa aikinsa in sun haɗu, da wane ido zai dube shi? Kuma ai kayan Legas suna hanya.

Kayan Legas ba su iso ba, kiran Inna ya riga su. Sunanta ya faɗo a jirgin ƙarshe na jiharmu, aka ce duk maniyyatan su hallara a sansanin alhazai na Mando da hantsi, daga nan motoci za su kwashe su zuwa filin jirgi. Wanda ya makara ya makara, babu wani jirgin a baya. An kwana ana ruwa, da safe ma ana yayyafi. Muka isa Rigasa muka tarar gidan Inna ya cika maƙil da 'yan rakiya.

Rakiyar mai tafiya Makka ba a hana kowa. Inna ta taka kujerarta ta shiga gaba, ni da ƙannenta biyu da wata maƙwabciya muka matsu a kujerar baya. A bodi kuwa aka ɗora jakunkunanta, sannan ƙannen maigidana da surukai da maƙwabta suka ɗare, maƙerin nan yana tsakiyarsu da sabuwar hula. Maigidana ya zagaya ya dubi motar, bayanta ya zauna, gabanta ya ƙara kallon sama. Amma wa zai ce wa ya sauka? Ya yi bisimilla ya tayar.

A hankali muke tafiya, kamar masu ɗauke da ƙwai. Da muka zo kwarin, ashe ruwan daren ya ƙara cin gefen dama, ga jan ruwa ya rufe, ba a ganin zurfinsa. Maigidana ya karya sitiyari zai kauce, tayar dama ta faɗa ramin, ta sauka iya saukarta. Sai muka ji wani ƙara, ɓas! Gaban motar ya durƙusa ta gefen Inna. Mata suka ɗauki salati, na bodi suka diddira.

Da muka fito, tayar ta kwanta gefe, gaɓar nan ta zare daga kwasfarta. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane babu wanda ya yi, don ba gudu ake ba. Amma motar ta toshe layin gaba ɗaya, babu abin hawan da zai shiga ko ya fita. Tsakaninmu da kwalta kuwa taɓo ne har ƙwauri, wanda ko mai lafiya sai ya yi da gaske.

Maƙerin ya durƙusa a cikin ruwan ya leƙa ƙarƙashi. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Aikina ne ko? Don Allah ka hwaɗa mani gaskiya."

Maigidana ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙarin ne ya yi mata yawa. Na sani tun ranar, kunyarka ta hana ni faɗa. Tashi, ba yanzu ba, mu fitar da Inna tukuna."

Aka sauko da Inna a kan wani dakali. Ta gwada taku biyu, gwiwar ta ƙi, ta koma ta zauna. Wani mai shago ya turo baro da kyakkyawar niyya, ta harare shi ta ce ita ba buhun masara ba ce, ba za ta tafi ɗakin Allah a baro ba. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Wata abokiyar tafiyarta ce daga sansani, ta ce motocin filin jirgi sun jera, an fara kiran suna. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar.

Sai na ga maigidana ya cire babbar rigarsa ta farar shadda ya miƙo mini, ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando. Ya zo gaban Inna ya juya mata baya ya tsuguna a cikin taɓon.

"Inna, ki hau."

Shi ne ɗanta na fari. Tunda na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba, magana ma sai dai ta bi ta kaina. Ta kawar da fuska ta ce mini, "Ki ce masa ya tashi, mutane na kallo."

Bai tashi ba. Ƙannensa suka ce su za su ɗauke ta, ya girgiza kai ba tare da ya juyo ba. Na durƙusa kusa da ita na rage murya na ce, "Inna, shekara nawa kina roƙon ranar nan? Kunya tana nan, in kin dawo sai ki ci gaba da abarki. Jirgin ne ba zai jira ba."

Can sai ta miƙo mini carbin da takalmanta, ta ɗora hannuwanta a kafaɗunsa. Na zaro zanin da na riƙo a jaka don shimfiɗar salla, na goya masa ita sosai, na ɗaure a ƙirjinsa yadda nake ɗaure 'ya'yansa. Ya miƙe.

Mata suka leƙo ta ƙofofi, masu shaguna suka fito, babu wanda ya yi dariya. Yana tafe yana zare ƙafa daga taɓo a hankali, ni ina gefe na riƙa musu lema. Maƙerin yana biye da babbar jakar Inna a ka, hawaye na bin gemunsa, ya hana kowa taya shi. Mun kai tsakiyar hanya na ji Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ba da ni take ba.

"Bi ta gefen katanga, nan ya fi tauri. A layin nan na goya ka zuwa asibiti, lokacin ko kwalta babu a bakin titin. Kullum ba ka da lafiya, ba ka da nauyi ko kaɗan. Ban zaci za ka rayu ba."

Sannan ta kira sunansa, sunansa na yanka, ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Na ga dai kafaɗunsa suna girgiza, ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da tafiya. Ni kuwa lemar ma ban san inda na karkatar da ita ba, duk mun jiƙe.

A bakin titi muka tare Keke Napep guda biyu. Muka isa Mando ana kiran sunayen motar ƙarshe, maigidana ba takalmi, taɓo har gwiwa, ya kutsa yana ɗaga hannu yana cewa ga ta nan, ga ta nan. Inna ta shiga mota ta zauna a bakin taga. Da motar ta fara tafiya ta ɗago ta dube shi sosai, ta ɗaga masa hannu.

Da yammacin ranar aka ja motar zuwa gareji. Washegari da sassafe maƙerin ya je can da kansa ya karɓi zobban, ya mayar da su kan inji ya rage su zuwa inci ɗaya cif. Ya ce da an faɗa masa tun farko da ko kaɗan ba zai ji haushi ba, abin da ya yi masa ciwo shi ne a bar shi yana alfahari da abin da ya kusa hana Inna tafiya. Aka sa sabuwar gaɓa, aka yi saiti, motar ta koma tafiya lafiya lau. Inna ta sauke farali ta dawo, ta koma kunyarta kamar yadda na yi mata alkawari, ba ta sake kama sunansa ba har Allah ya karɓi abarsa bayan 'yan shekaru.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, alheri ma yana da ma'auni, kuma ba kowane abu ne yake ɗaukar ƙari ba. In mai ƙaunarka ya ba ka fiye da abin da zai yi maka amfani, ka yi masa godiya har zuci, sannan ka faɗa masa gaskiya a lokacin, tun abin yana hannu. Ɓacin ran minti ɗaya ya fi sauƙi a kan abin da shirun zai haifar, kuma shi kansa mai kyautar ya fi son haka. Maigidana ya yarda da wannan, har yana faɗa wa yaranmu. Sai dai duk lokacin da na tambaye shi ko da za a mayar da shi Fanteka ranar nan zai ce a rage, yakan ce zai ce a rage mana, amma Allah ya sani, bai taɓa yin nadamar tafiyar da ya yi a layin nan da ƙafa ba.